Ɗan Gajimaren da Ya Kai Ni Jos

Shekara goma sha bakwai ke nan ina koyar da fiziks a sakandare, kuma babu shekarar da ba na zana wa ɗalibai garken taurari a allo, wato abin da littafi ke kira galaksi: dunƙule a tsakiya, hannuwa suna murɗewa a gefe kamar an juya koko da ludayi. Amma ni da nake zanen ban taɓa ɗora idona a kan ko guda ba. A Kubwa nake zaune, sararin Abuja kuwa da dare ja-ja yake, fitilu da hayaƙin janareta sun cinye shi. In ka ƙirga tauraro ashirin ka yi ƙoƙari.

Ɗiyar yayata ce ta tona mini asiri. A Jos take digirinta na biyu, bincikenta kuma a kan yadda garkunan taurari suka samu ne. Mun haɗu a wani biki, ina ta zuba mata bayani irin namu na malamai, sai ta katse ni cikin ladabi: "Kawu, kai da kanka ka taɓa ganin garken Andiromeda?" Na yi ta kame-kame. Ta ce in zo ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauko ba, in kuma daidaici kwanakin duhun wata.

Ranar Juma'a da sassafe na shiga mota. Cunkoson Nyanya da Mararraba ya ci mana abin da ya ci, muka wuce Keffi, muka tsaya Akwanga aka sayi ayaba da gyaɗa. Ban farfaɗo ba sai a Hawan Kibo. Nan ne hanya take nannaɗe jikin dutse, tireloli suna ja da ƙyar, direbanmu ya kashe rediyo ya kama sitiyari da hannu biyu, wata tsohuwa a bayana tana ta salati. Kunnena ya toshe, ya buɗe, sai na ji iska ta canja. Kafin Riyom, inda duwatsu suke a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da gangan, na riga na lalubo rigar sanyi. Jos tana sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma jikinka ne zai fara gaya maka kafin allon hanya.

A gidan Yaya na sauka. Bayan an ci gwate an sha shayi, na leƙa ɗakin ɗiyar tawa, sai ga hoton wani dattijon Bature mai farin gashi a manne jikin bango, kusa da jadawalin lokutan salla. Yaya ta ce daga ƙofa, "Ai kakanta ne na boko. Mu tamu hoton ko ɗaya babu." James Peebles ne. Na san sunan, don na ji an ba shi kyautar Nobel a 2019, amma iyakar sanina ke nan, kuma a daren nan aka yi mini karatu.

A Winnipeg ta Kanada aka haife shi a 1935. A 1958 ya tafi Jami'ar Firinston ta Amurka, ya zauna a gaban wani malami mai suna Robert Dicke, ya gama digirin digirgir a 1962, kuma bai bar wurin ba har ya yi ritaya. A lokacin, in ji ta, nazarin asalin sararin samaniya ba fagen da mai son ci gaba zai shiga ba ne, domin hasashe ya fi awo yawa. Dicke ne ya ɗora shi a kan tambaya guda: in da gaske sarari ya faro ne a cure, da tsananin zafi, sannan ya yi ta buɗewa, to ai ya kamata a tarar da ragowar ɗumin, kamar yadda murhu yake kwana da ɗumi bayan wuta ta mutu. Peebles yana lissafi, abokan aikinsa biyu suna haɗa na'urar da za ta nemo shi. Suna cikin haka aka bugo waya. Ashe wasu mutum biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, a kamfanin Bell da ke kusa da su, sun daɗe suna fama da wata 'yar ƙara a eriyarsu wadda ta ƙi ɓacewa ko ina suka juya ta. Har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a ciki sun kankare, ƙara tana nan. Abin da mutanen Firinston suke nema ne ya faɗo hannun waɗanda ba su neme shi ba. A 1965 aka buga takardun ɓangarorin biyu a jere, masu eriya suka karɓi Nobel a 1978, shi kuwa sai bayan shekara 41.

Na ce, "To ai an yi masa shigar sauri." Ta ce, "Kawu, shi ma akwai waɗanda suka riga shi. Tun 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka yi hasashen wannan ɗumin, aka manta da su." Wannan adalci nata ya burge ni, don na san yadda ɗalibi yake in ya ƙaunaci malami. Ta ƙara da cewa a Mosko ma Yakov Zeldovich da almajiransa suna ta aiki a kan tambayoyin nan a lokaci guda.

Ɗumin nan tsohon haske ne, wanda ya kuɓuce lokacin da sarari yake da shekara kusan 380,000, yau kuwa ana ƙiyasta shekarunsa biliyan 13.8. Ya huce har ya koma maki 2.7 kacal sama da ƙarshen sanyi. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da ta ce wani ɗan kaso na yayyafin nan da tsohuwar talabijin take yi in tasha ta rufe, daga hasken nan yake. Mu da muka tashi muna dukan akwatin talabijin don ya daina yayyafi!

Da safe ranar Asabar muka ɗan zaga gari. Mun shiga gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda haƙar kuza ce ta fara tono su. Daga nan ta ce lallai sai mun je wajen Rayfield, akwai abin da take son nuna mini. Ina tsammanin wani ɗakin bincike ne, sai ta tsayar da mai Keke a bakin wani ƙaton kududdufi, ɗaya daga cikin ramukan da kamfanonin kuza na Turawa suka bari. Ruwan shuɗi, shiru, gefensa jar ƙasa a tsaye.

"Kawu, ruwa ne ya haƙa ramin nan?"

Na ce a'a, rami aka fara yi, ruwa ya zo ya tarar.

Ta ce to karatunta ke nan gaba ɗaya. Matsalar da ta dami masana bayan 1965 ita ce tsohon hasken nan ya cika santsi. Ko ina aka auna, ɗaya ne. In kuwa farkon abu sumul yake haka, yaya aka yi cikin lokacin da ake da shi ya dunƙule ya zama garkunan taurari? Abin da muka sani, irin wanda aka yi mu da shi, ba ya iya fara taruwa da wuri, saboda zafin haske yana ta watsa shi. A 1982 Peebles ya kawo shawara: a ɗauka akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, wanda babu ruwansa da haske, ba ya fitar da shi, ba ya tare shi. Irin wannan zai iya fara taruwa a ɓoye tun da wuri, ya yi ramuka na ƙarfin jawowa, ba tare da ya bar babban tabo a jikin hasken ba. Daga baya iskar haidurojin da hiliyom ta gangaro cikin ramukan, ta huce, ta cure, taurari suka kunnu. Wannan ɓangare na hucewar iska a cikin rami, Simon White da Martin Rees ne suka shimfiɗa shi tun 1978. Ƙananan garkuna suka fara samuwa, suka yi ta haɗewa suna zama manya.

Na tsaya ina kallon ruwan. Shekarata nawa ina cewa ɗalibai "baƙin abu", ina fassara kalmar Turanci kai tsaye, ashe ma ba baƙi ba ne, don baƙin abu ai yana tare haske. Ɓoyayye ne. A 1992 tauraron ɗan'adam na COBE ya gano tabon da ake nema a jikin tsohon hasken, bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba. Awon da tauraron Planck na Turai ya yi daga baya ya nuna cewa duk abin da muke iya gani, daga taurari har kuzar da aka kwashe daga ramin nan, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai. Kusan kashi 27 ɓoyayyen abin nan ne, sauran 68 kuma wani ɓoyayyen ƙarfi ne da yake ƙara wa buɗewar sarari sauri. Shi ma wannan, Peebles ya dawo da maganarsa a 1984, shekara goma sha huɗu kafin masu awo su tabbatar a 1998.

Da la'asar wani tsohon abokina ya zo ya ɗauke mu. Tare muka yi kwalejin horon malamai, shi Kirista ne ɗan ƙasar, ya bar alli ya koma noman dankalin Turawa da kabeji a bayan Lamingo, a gindin Duwatsun Shere. Tun kwana biyu kafin zuwanmu ya sanar da maƙwabtansa da mai unguwa cewa zai yi baƙi masu kallon sama, kada wani ya hangi mutane a gona da dare ya yi wani zato. Jos ta koya wa kowa irin wannan hankali, kuma ban ga laifinsa ba. Hawa dutsen da dare ma ba mu ko tayar da maganarsa ba. Ya shimfiɗa mana tabarma a bayan rumbu, ya nuna mana gabas, muka yi Magariba, matarsa ta kawo dafaffen dankali da yaji da shayi a fulas.

Sanyi ya sauko kamar da gayya. Ɗiyata ta karɓe wayoyinmu ta zuba a jaka, ta ce ido yana bukatar kamar minti ashirin a duhu kafin ya buɗe sosai, kallon waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Hasken Jos yana nan ta yamma yana damun mu, sai can bayan Isha aka ɗauke wuta a wani yanki na garin. Ban taɓa jin mutum uku sun yi murnar ɗauke wuta a tare ba sai ran nan.

Abin da na gani ba zan iya zana shi a allo ba. Farin zanen nan da ke ratsa sama ya fito ɓaro-ɓaro, wanda rabona da shi tun ina yaro a ƙauye, muna kwana a tsakar gida kakata tana nuna mana Zara matar wata. Shi ne namu garken, muna cikinsa muna kallonsa ta gefe, kamar tururuwa a kan faifai. Ta gabas Kaza da 'ya'yanta suna tasowa. Ɗiyata ta kama kafaɗata ta juya ni arewa, ta nuna mini wasu taurari biyar masu zubin haƙoran zarto, ta ce in bi inda kaifin ya nuna in yi sama. Na duba, babu komai. Ta ce, "Kada ka zuba masa ido, Kawu. Kalli gefensa kaɗan, kamar mai satar kallon suruki." Na kau da ido kaɗan, sai ga shi: wani ɗan dusu-dusu mai tsawo, kamar an shafa alli da yatsa a baƙin allo.

Gaskiya da farko raina ya ɗan ɓaci. Wannan ne na sha Hawan Kibo dominsa? Ta miƙo mini madubin hange mai ido biyu, ya ƙara fitowa, tsakiya da haske, gefe yana narkewa. Sannan ta ce haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti takwas yake yi, wannan kuwa da ya shiga idona yanzu shekara miliyan biyu da rabi ya yi a hanya. Abokina ya ce, "Kai! Ashe tsohon labari muke kallo." Na sake dubawa, kuma ban ƙara cewa komai ba na ɗan lokaci.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne wanda ya fara rubuta shi. Abdurrahman Al-Sufi ne, masanin taurari na Farisa, a littafinsa na shekarar 964, ya kira shi ɗan gajimare. Da ido kawai ya gan shi, kamar yadda na gani. Sai da aka shekara kusan dubu kafin Edwin Hubble, a shekarun 1920, ya tabbatar cewa ba a cikin garkenmu yake ba, wani garke ne mai zaman kansa.

Abokina manomi ne, ba ya karɓar magana sai da shaida. Ya ce, "'Yata, abin da kika ce ba a gani, wa ya ce yana nan?" Ta tambaye shi ko ya taɓa korar tsuntsaye da majajjawa. Ya yi dariya, ya ce tun kafin a haifi babarta. Ta ce in ka ga dutse yana juyawa da gudu bai tsinke ya tafi ba, ko ba ka ga igiyar ba ka san tana nan, kuma daga gudun za ka iya sanin ƙarfinta. A kan wannan ɗan gajimaren da muke kallo Vera Rubin da Kent Ford suka yi awo a 1970, daga baya suka bi wasu garkunan da dama. Suka tarar taurarin bakin faifai suna gudu daidai da na ciki, alhali nauyin da ake gani bai isa ya riƙe su ba. Fritz Zwicky ya hango irin wannan tun 1933, ba a kula shi ba. A 1973 kuma Peebles da Jeremiah Ostriker suka kwaikwayi faifan taurari a kwamfuta da ɗigo 'yan ɗaruruwa, suka ga faifan yana lanƙwashewa ya lalace sai in an lulluɓe shi da wani ƙaton nauyi. A 2005 wani kwaikwayon da aka yi a Jamus ya yi amfani da ɗigo sama da biliyan goma, amma tambayar ita ce dai ta 1973.

Da ta zo kan Rubin muryarta ta canja. Jami'ar da Peebles ya yi rayuwarsa a ciki ba ta karɓar mata a babban karatun taurari lokacin da Rubin ta nema. Ta rasu a 2016 ba a ba ta Nobel ba, sai dai an sa wa wata babbar cibiyar hangen sama a Chile sunanta. Na ce to me ya sa ba hotonta ne a bango ba? Ta ce, "Nata yana cikin wayata, Kawu. Bango na Mama ne, hoto ɗaya ta yarje mini."

Wajen sha ɗaya, bayan Kaza ta yi sama, ta nuna mini wani wuri a ƙasa da ita ta ce can ne ragowar tauraron da ya fashe a 1054, wanda masanan Sin suka rubuta ganinsa. Ido ba ya kama shi. Amma a tsakiyar shekarun 1960 wani ɗan Najeriya, Samuel Okoye, yana digirin digirgir a Kambirij a gaban Antony Hewish, suka gano wani ɗan ƙaramin wuri a cikinsa mai fitar da igiyar rediyo da ƙarfi. A 1968 aka gane tauraro ne mai bugawa kamar zuciya. Okoye ya dawo ya koyar a Nsukka, ya rasu a 2009. Na ji kunya, don ban taɓa ambaton sunansa a aji ba, kuma ba na jin yana cikin littafin da nake koyarwa da shi.

A nan ne muka yi gardamar da ta fi tsaya mini. Na tambaye ta yadda ake gane girman masani a fagensu, tunda ba gada ya gina ba, ba magani ya haɗa ba. Ta ce ana ƙirga sau nawa wasu suka ambaci takardarsa a nasu binciken. Ni wannan awo bai cika mini ciki ba. Na ga yadda neman ƙarin girma yake sa mutane yanka bincike ɗaya gida biyar, abokai suna ambaton juna kamar 'yan adashi. Na ce mata mu a zaure ba a tambayar littafi nawa malami ya rubuta, ana tambaya ne wa ya karantar da shi, su wa kuma suka tashi a gabansa. Ta yi shiru, sannan ta ce in haka ne ma ai Peebles ya ci: littattafansa uku, na 1971 da 1980 da 1993, su ne zauren da kusan duk mai wannan karatu ya zauna, kuma lissafin da take amfani da shi don auna yadda garkuna suke cuɗanya da juna, daga na 1980 ta koya. Isnadinta ke nan, ko da bai san da zamanta ba.

Amma abin da ya sa na yarda da mutumin wani abu ne daban da ta faɗa a wucewa. Bayan duniya ta rungumi shawararsa ta 1982, shi bai saki jiki da ita ba. Yana ganin ya kawo ta ne a matsayin mafi sauƙin zato, don haka ya yi shekaru yana ƙirƙiro wasu hanyoyin da za su iya kayar da ita, har awo ya zo ya tsaya mata. Ko sunan nan na "babbar fashewa" da ake kiran farawar sarari da shi ba ya so, don a cewarsa babu wata tabbatacciyar shaida a kan ainihin farkon. Ni da na saba jin masu ilimi suna rantsuwa a kan abin da suka karanta jiya, wannan ya yi mini daɗi. Shi ya sa ma ba na son yadda wasunmu suke gaggawar ɗaura aya a kan kowane sabon bincike. Binciken yana iya canjawa gobe. Yanzu haka madubin James Webb da aka harba a Disambar 2021 yana hango garkuna masu haske tun sarari bai kai shekara miliyan 300 ba, da wuri fiye da yadda da yawa suka zata, ana ta sake lissafi.

Abokina, wanda na ɗauka ya yi barci a cikin bargo, ya ɗago ya ce, "To wai shi ɓoyayyen abin, mene ne shi?" Ta ce har yau babu wanda ya kama ko ƙwaya ɗaya, ana ta nema a ƙarƙashin duwatsu da cikin manyan na'urori. Ya ce, "Shekara arba'in ana kiwon saniyar da ba a taɓa gani ba, sai sawunta." Ya ja bargonsa.

Raɓa ta jiƙa tabarma kafin mu shiga ciki. Da asuba na fito alwala, ruwan randa kamar ƙanƙara, na ɗaga kai don in sake nemo ɗan gajimaren ni kaɗai, na tarar ya gangara yamma inda hasken gari ya dawo.

Ranar Lahadi Yaya ta raka ni Farin Gada, ta cika mini buhu da dankali da karas da kabeji, har ɗan kamasho ya ce sai na biya kuɗin kujera biyu. Ɗiyata ba ta zo tasha ba, tana gida tana gadin kwamfutarta, don kwaikwayon da ta kunna tun ranar Alhamis yana bukatar kwana huɗu ba a kashe ba, batirin gidan kuwa ba ya kai wa asuba sai an lallaɓa. Ta turo mini takarda ɗaya ta hannun uwarta, ta zana taurarin nan biyar da kibiya, ta rubuta a ƙasa cewa daga Kubwa ba zai ganu ba, amma in na fita da ɗalibai bayan Bwari a daren da babu wata, wataƙila a dace.

Muna gangara Hawan Kibo kunnena ya sake toshewa. Saƙonta ya shigo muna dab da Akwanga: wuta ta dawo saura kashi uku batir ya mutu, ɗigoginta sun fara taruwa.